Ƙwayoyin Madugu Labbo

Ku yaran yanzu da kuke tsayawa bayan kanta da farar riga, kuna miƙa magani kamar masu sayar da alewa, ina jin abin da kuke faɗa in na ba da baya. Wai aikinmu na dā ba wani aiki ba ne, 'yan kwalabe ne a kan katako, mutum ya zuba fari ko ya zuba ja ya koma ya kishingiɗa. Ban yi fushi ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da aka kai ni ɗakin shan magani na En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, a Sabon Birni aka ce in koyi aiki. Miƙa magani ba wuya, ko biri aka koya wa zai miƙa. Wuyar ita ce maganin ya sauka a cikin wanda aka ba, ba a cikin maƙwabcinsa ba.

Wanda ya koya mini aiki wani Bayarabe ne, Baba Alabi, ya tsufa a ƙasar Gobir har yana jin Gobiranci fiye da wasunmu. Da ya dubi zanen fuskata sai ya ɗaga hannu ya gode wa Allah da ya kawo masa bawa har gida. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Yarbawa, na rama a zuci, don a baki ba hali. Aikin farko da ya ba ni wankin kwalabe ne, da yashi da ruwan zafi, in ɗaga kowace a rana ya duba. Na yi watanni a kan wannan kafin ya bar ni na taɓa risho.

Dafa allura shi ne aiki na biyu. Sirinjinmu na gilashi ne, allurar kuma ba a yar da ita, tafasa ta ake yi a ɗan kwanon ƙarfe, in ta dakushe a wasa ta a dutse. Bayan wasawa sai ka ja bakinta a cikin auduga. In ta kamo zare, to tana da ƙugiya, kuma abin da ta yi wa audugar shi za ta yi wa ɗuwawun mutum. Akwai gilashin awo, wanda ake ɗagawa daidai ido, akwai ɗan turmin tangaran na niƙa ƙwaya, akwai babbar kwalbar farin ruwa na masu gudawa. Wannan farar ƙasa ce a ciki, kwantawa take yi. In ba ka girgiza ba, wanda ya zo da safe ruwa zalla ya sha, wanda ya zo da yamma kuwa ka yaɓe masa ciki kamar rumbu.

Masu zuwa kuma kala-kala ne. Akwai wanda ko ƙaya ya taka sai an yi masa allura, in ka ba shi ƙwaya ya ce ka raina shi. Akwai wanda za ka ba maganin mako, ya tsaya a bakin ƙofa ya shanye gaba ɗaya don aikin gama ya gama. Wani manomi daga Kurawa ya taɓa aiko mini ƙanensa ya karɓar masa allura, wai shi yana huɗa ba shi da lokaci, kuma ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ƙanen har ya kwance wando. Duk waɗannan na iya da su. Mutum ɗaya ne ya kusa gagarata, bayan an mayar da ni Isa ni kaɗai, a ƙarshe-ƙarshen mulkin Turawa.

Madugu Labbo ake kiransa. Fatauci yake yi da jakai tsakanin Isa da Sabon Birni da ƙasar Faransa, wajen su Maraɗi, ya kai goro da atamfa, ya sauko da kanwa da dabino. Yana da arziki daidai gwargwado, amma ba da arziki aka san shi ba, da sakin hannu aka san shi. Bai taɓa cin abu shi kaɗai ba. In ya fasa goro sai kowa ya samu, ko da ɓarin bai fi ƙumba ba. Zaurensa ba ya rabo da mutane, na gari da baƙi, tuwo na fitowa kwano bayan kwano. An taɓa ganinsa ya dawo daga kasuwar Bafarawa a kan jaki daga shi sai 'yar shara, don wani ya yaba babbar rigarsa. Mu sauran mutane in mun ce wa baƙo bismilla, addu'a muke yi a zuci ya ce alhamdu lillahi. Shi Madugu in ya faɗa, da gaske yake.

Ciwon cikinsa ya riga ni zuwa Isa. Yakan tashi da murɗa, sai gudawa da jini da majina, ya yi ta zarya bayan gida har ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa. Yaran tafiyarsa sun ce jakansa ma sun gane, da ya dafe ciki sai su tsaya da kansu su fara kiwo. Na ɗauka atini ne, na ba shi farin ruwa, na yi masa allurar atini mai zafin nan. An jiƙa masa bagaruwa, an dafa masa sabara, ya sha rubutu. Bayan wasu makonni ciwon ya lafa, ni in ce allurata ce, mai bagaruwa ya ce tasa ce, Madugu kuwa ya bi mu duka da tukuici. Ba a jima ba ya sake tashi, kowa ya yi shiru.

Akwai likita Bature da yake zuwa mana rangadi daga babban asibiti, muna ce masa Mai Sanƙo. Da na nuna masa Madugu sai ya sa shi a mota ya tafi da shi. Can aka duba bayan gidansa da madubi, aka kuma leƙa cikinsa ta ƙasa da wani bututu mai fitila, abin da Madugu bai yafe wa Turawa ba har ya bar duniya. Da suka dawo, likita ya zaunar da mu ya yi bayani da Hausarsa ta littafi. Ya ce wannan ba atini ba ne, ba tsutsa ba ƙwaro, babban hanjin ne da kansa yake yin gyambo. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba a kuma rabuwa da shi. Kamar wutar juji yake, ka ga toka a sama ka zata ta mutu, iska na kaɗawa ta tashi.

Sai ya fito da kwalba mai duhu cike da ƙwayoyi manya, launin ruwan goro. Ya ce daga Ikko aka kawo ta, kuma ita ke nan a hannunsa. A sha bayan kowane abinci da ruwa mai yawa. In ciwo ya tashi a ƙara, in ya kwanta a rage, amma kada a daina ko da mutum ya ji kamar ya yi kokawa. In ya tashi, ban da yaji, ban da nono, ban da gyaɗa da ɗanyen ganye. Ya kuma ce kada a tsorata in fitsari ya koma kalar ƙwayar, halinta ne. Da yake Madugu matafiyi ne, dole kwalba ta bi shi, aka damƙa masa ita ya jefa a aljihu.

Magani ya karɓe shi. Duk ranin nan Madugu bai dafe ciki ba, kumatunsa suka dawo, jakansa suka rame don ba hutu. Daga Isa har Maraɗi ba zauren da bai yabi ƙwayar nan ba. Ni ma ina ta buɗa kafaɗa kamar ni na haɗa ta.

Daminar da ta biyo baya ita ce mugunyar shekarata a aiki. Ruwa ya yi yawa, gulbin Bunsuru ya cika ya batse, hanyar mota ta yanke, har jakai ba sa fita. Ana cikin haka wata safiya Ɗan Baƙo wanzami ya shigo, ya bar layi ya zo kusa da kunnena.

“Malam, ina son magana da kai, amma ba gaban mutane ba.”

Muka zagaya bayan ɗaki. Ya duba gabas ya duba yamma.

“Hitsarina ya sake,” in ji shi. “Ya koma awa an tauna goro an tohwar.”

Na buɗe idonsa, fari tas. Jikinsa ba zafi, yana cin tuwo kamar kullum. Na ba shi ruwan wankin ciki don kada ya fita hannu wofi. Washegari ga maƙeri da irin wannan magana, bayansa ga ladan, ga dillalin jakai, ga wani mai sayar da taba. Na zata shawara ce ta shigo gari, kuma in annoba ce sai a rufe kasuwa a hana shiga da fita. Har na sa hula za ni wurin hakimi, sai na tsaya na yi tunani. Wace irin annoba ce wannan da ba ta kama mace, ba ta kama yaro, sai magidanta masu gemu? Na aika aka kira mini Ɗan Baƙo.

“Mi kac ci kahin abin ga shi same ka?”

“Tuwo na, da miyar kuka.”

“Ina?”

“Zauren Madugu.”

“Sai mi?”

“Sai goro.” Ya sosa ƙeya. “Sai 'yar ƙwayar ga tasa. Tana da kyau ƙwarai, Malam, tun da nish sha ta bayana ya bar ciwo.”

Ban tsaya rufe ƙofa ba na nufi gidan Madugu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, don a kwance na same shi a ɗakin ciki, ciwo ya tashi tun kwanaki yana ɓoyewa. Matarsa Tumba, wadda ta fi shi wayo nesa ba kusa ba, ita ta miƙo mini kwalbar. Na ɗaga ta a haske, ina hangen gindinta. Ashe da ya ga tana ƙasa, kansa ya rage wa, bai rage wa baƙi ba.

Na yi faɗa. Na manta ya haife ni, na faɗi abin da ke bakina. Ya bari na gama, sannan ya ce da 'yar muryarsa:

“To Malam, ƙaƙa za ni yi? Mun gama cin tuwo, mutane na zaune gabana, in buɗe kwalba in jehwa abu baki suna kallo? Ni ɗan wa? Dole in ce bismilla. Wanda anka ce ma bismilla kuwa, in ya miƙo hannu laihi nai na?”

“Sai ka shiga cikin gida ka sha.”

“In ɓoye in ci abu awa ɓarawo?”

Hali zanen dutse. Na bar wa Tumba sauran, na ce ta riƙa niƙawa tana zubawa a kununsa. Ranar farko da ta yi haka wani baƙo ya sauka daga Kurawa ruwa ya jiƙa shi, Madugu ya ce a kai masa kunun nan tun da zafinsa. Daga nan na karɓe kwalba, na riƙa zuwa da kaina bayan kowane abinci ina tsayawa a kansa. Ko a hakan, in na sa masa ƙwaya a tafin hannu sai ya ɗago kai ya ce, “Malam, bismilla.”

Ba a daɗe ba kwalba ta ƙare. Na sami wani mai ƙarfin hali ya haye gulbi da gora ya je babban asibiti. Ya dawo da saƙon baki cewa babu, an aika Ikko, sai jirgin ƙasa ya kawo, kuma sai hanya ta bushe. Na koma ga abin da nake da shi, farin ruwa, kunu mai laushi, romon kaza ba yaji, tafasasshen ruwa da ɗan gishiri yana kurɓa. Waɗannan suna riƙe mutum, amma ba sa tsayar da jini. Tafin hannunsa ya yi fari, idanu suka faɗa, ƙafafu suka fara kumbura. Mutumin da ke cika zaure da murya sai ka sa kunne kafin ka ji shi.

Tumba ta tare ni a tsakar gida, daga bayan zana.

“Malam, hwaɗa min gaskiya. Yana kai ga buɗewar hanya?”

“In ba ƙwayar ga, ban ga alama ba,” na ce. Na ji tsoro ranar, ba na ɓoye muku.

Ɗan Baƙo ne ya tsegunta mini wani abu. Da labarin fitsari ya bazu, mutane da yawa sun ji tsoron haɗiye tasu, su maƙeri da suka riga suka sha ma sun bar ragowar da aka ƙara ba su, amma ba wanda ya yar, don abin hannun Madugu ne. Wasu ma tun farko ajiyewa suka yi saboda ranar larura. Wato maganin da zai ceci mutumin yana nan cikin gari, a aljihu da rawani da ƙarƙashin tabarma. Na ce abin ya zo da sauƙi, na fita bi gida-gida. Da maƙeri na fara. Ya ajiye guduma ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa.

“In maida mai kyauta tai? Mi yay yi min? Sai wanda kaka son rabuwa da shi har abada kaka maida ma kyauta.”

“Mutuwa za shi yi.”

“Allah shi ba shi lahiya. Amma ba ni za a hwara jin wanga abin kunya gare ni ba.”

Haka kowa ya ce mini, har waɗanda suke hawaye suna faɗa. Na ce to su ba ni a ɓoye, suka ce duk ɗaya ne, ai sun san inda za ta. Maganar ta kai kunnen Madugu, ya sa aka kira ni, ya ce shi ba ya amai ya lashe, kuma duk ƙwayar da na karɓo daga hannun mutanensa ko na tura masa a baki sai ya tofar. Na fito ina zage-zage ni kaɗai. Ga mai ciwo, ga magani, tsakaninsu bai fi jifa ba, kunya ta tsaya a tsakiya.

Ana nan wata ranar kasuwa, ina zaune gefensa ina ba shi ruwa, aka yi sallama. Wani Bafillace ne, Jaɓɓo, daga rugar da ke bayan Turba, dogo siriri, taɓo har cinya. Ya zo dubiya da ƙwaryar nono, na ce a kai ciki don mai ciwon ba ya sha. Ya tsuguna ya jingina sandarsa, aka gaisa gaisuwar Fulani wadda ba ta ƙarewa. Can sai ya ciro wani ɗan tandu daga wuyansa, ya zazzage a tafin hannu. Ƙwaya ce ruwan goro, a bushe garau.

“Madugu, na ji ba ka da lahiya,” ya ce. “Ga wani magani. Wani babban mutum yab ba ni kasuwar Bahwarawa, yac ce ba ciwon cikin da ka gagara tai. Ni kuwa cikina lahiya lau, shi na nik kawo ma.”

Har yau ban sani ba ko mantawa ya yi da wanda ya ba shi, ko kuwa wayon Fulani ne. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Madugu ya dubi ƙwaya, ya dubi Jaɓɓo. Ya gane ta sarai. Amma wannan ba mayar da kyauta ba ce, dubiya ce, kuma ba a taɓa jin mai ciwo ya ƙi karɓar abin dubiya ba, balle daga mutumin da ya ratso ruwa. Ya karɓa. Da ta shiga hannunsa sai hali ya motsa, ya juyo wajena.

“Malam, bis…”

“A'a,” in ji Jaɓɓo. “Ban san wanga ba. Kai nik kawo ma. Sha in gani, tahiyata da nisa.”

Ya sha. Ni na riƙe masa moɗa.

Ina fitowa Tumba ta yi gyaran murya daga bayan zana. Ba mu yi doguwar magana ba, ta ce, “Ka gani?” na ce na gani. Ta ce in nemo wanzami, don ba kan da ba ya bi ta hannunsa a garin nan. Ɗan Baƙo ya ɗauki zabirarsa ya shiga gari. Yana aski yana raɗa, kuma mutumin da aska ke wuyansa ba ya yawan gardama. Sharaɗina ɗaya ne, kowa ya biyo ta wurina in duba ƙwayarsa kafin ya wuce, kuma a je a lokacin abinci, ba a taru gaba ɗaya ba.

Duba ƙwayoyin nan aiki ne da ba a koya mini a Sabon Birni ba. Wata daga bakin rawani take fitowa, wata daga cikin laya sai an farke ɗinki, wata daga battar taba tana warin da zai sa jaki atishawa. In ɗaga ta a haske, in danna da ƙumba. Wadda ta sha danshi ta yi laushi ko ta sake kala, in ajiye ta gefe, mai ita ya tafi dubiya da ƙwai yana ɓata rai. Wani ya adana tasa a kwalbar turare, na ce wannan sai dai a shafa. Masu kyau in naɗe a takarda in faɗa wa mutum ko da rana zai je ko da yamma. Ba su kai yadda likita ya ce a sha in ciwo ya tashi ba, sai na riƙa jan su a hankali ina addu'a.

Abin da ban shirya ba shi ne ƙarya. Tunda ba mai iya cewa taka ce na dawo maka da ita, dole kowa ya nemo wa ƙwayarsa asali. Dillalin jakai ya ce wani Buzu ne ya ba shi a Madawa. Mai taba ya ce gado ya ci wurin kawunsa. Abu ya zama gasa, mutane na kwana suna saƙa tasu. Ladan, da yake ba ya iya ƙarya, sai ya ajiye a hannun Madugu ya ce Allah shi ƙara sauƙi, ya kafa masa ido har ya haɗiye. Maƙeri, wanda ya fi kowa taurin kai da farko, ya zo da babbar riga ya zauna ya gyara murya.

“Madugu, jiya matata ta huɗe kihi, sai ga wagga cikin ciki nai.”

“Wane irin kihi?” in ji Madugu.

“Tarwaɗa.”

“Halan ita ma zaurena tac ci tuwo.”

Ya yi dariya har ya dafe ciki, na kori maƙeri waje. Amma ranar na fara sa rai, don tun da ya kwanta ban ji dariyarsa ba. Ya san abin da ake yi, su ma sun san ya sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Mai baƙin ciki ɗaya ne a garin, Ɗan Baƙo, don shi ya riga ya haɗiye duk abin da aka ba shi, ba shi da abin kaiwa. Kullum sai ya yi mini mita wai shi ya yi wahalar tara mutane amma shi kaɗai ke zuwa hannu wofi.

Sauƙin a hankali ya zo. Tumba ce mai ba ni labari kowace safiya daga bayan zana, jini ya ragu, zarya ta ragu, ya nemi ƙarin kunu. Kumburin ƙafa ya saɓe. Wata rana na iske shi a zaure an jingina shi da bango yana faɗa wai an kawo wa baƙi tuwo ba man shanu. Ƙwayoyin gari suna gab da ƙarewa ruwa ya ja baya, motar Mai Sanƙo ta shigo Isa da taɓo har gilashi, da sabuwar kwalba a akwatinsa. Na ba shi labari, ya cire hularsa ya sosa sanƙon ya mayar. Muka tafi gidan Madugu, ya duba shi, ya sake jera masa dokoki, ya miƙa masa kwalba. Madugu ya sa hannayensa a bayansa.

“Likita, hannun ga nawa huje garai. Ba Malam shi aje. Wanda duk ka son in sha, shi je shi amso shi kawo min.”

Haka aka yi, kuma haka aka ci gaba shekara da shekaru. Kwalba na wurina a kulle. Kowace safiya wani zai biyo in naɗe masa na ranar a takarda, ya kai bayan abinci ya zauna sai an haɗiye a gabansa. In tafiya ta kama, manyan ayarinsa ke riƙewa. Ba wanda ya tsara wa mutane ranaku, su suka raba abinsu, har akan yi cacar baki a ƙofata wani ya ce an ci masa rana. Jaɓɓo ya riƙe ranar kasuwa ba mai taɓa masa. Ɗan Baƙo kuwa ya rama bashin zuwa hannu wofi, don ya fi kowa yawan karɓa. Ciwon ya sake tashi wasu lokuta, in ƙara yawan ƙwaya, in hana yaji da nono, masu kaiwa su ƙaru, ya kwanta. Bai sake kai shi bakin kabari ba.

Ba cikin ne ya kashe shi ba. Ya tsufa sosai, Turawa sun daɗe da tafiya, ciwon haƙarƙari ya kama shi, ya cika wata rana bayan azahar. Aka yi jana'iza kafin rana ta faɗi, mutane har daga ƙasar Faransa suka yi ta zuwa gaisuwa daga baya. Washegari da safe ina girgiza kwalbar farin ruwa sai ga Ɗan Baƙo, shi ma ya tsufa har hannunsa ya daina riƙe aska. Ya tsaya gaban teburina ya kwance bakin rawaninsa, ya fito da 'yar takarda a naɗe.

“Jiya ranata ta,” ya ce. “Ya sha ta sahe, ya sha ta rana. Wagga ta marece ta.”

Na miƙa hannu in karɓa in mayar kwalba. Ya dubi takardar, ya dube ni, bai sake ta ba.

“Bari dai, Malam. Ta Madugu ta.”

Ya mayar da ita bakin rawani ya ƙulle da kyau, ya fita.